Ranar da na daina zana akuya a tabulo

Shekarar farko da aka ba ni ajin CE1, wato aji uku na firamare, a wata lekol da ke unguwar Zariya nan Maraɗi, darasin zane saniyar ware ne a wurina. Idan lissafi ko Faransanci ya ci lokaci, shi nake yankewa, kuma ba mai tambayata. Ranar da ya samu shiga kuwa, yadda aka koya mini haka nake koyarwa: in ɗauki alli in zana abu a tabulo, in ce kowa ya kwafa.

Wata Laraba na zana akuya. Da na tattara kaye, sai ga akuya 62, duk sun fuskanci hagu, ƙafafu huɗu a jere kamar na tebur. Ina cikin ba da maki wata yarinya ta benci na uku ta matso, ta ce a hankali: "Mushe, wagga tunkiya ce. Wutsiyar akwiya sama take kallo." Na duba tabulo, gaskiyarta, wutsiyar da na zana a rataye take. Na buɗe kayenta, ita ma a rataye ta yi ta. Na ce to me ya sa? Ta ce: "Haka kuka zana."

Wannan magana ta hana ni sakat. A garin da jar akuyarsa ta yi suna har ƙetare saboda kyawun fatarta, garin da kusan kowane gida akwai turke, ni na tara yara ina koya musu su ƙaryata idonsu.

Larabar da ta biyo baya na aro akuyar maigadi, muka ɗaure ta a gindin dogon yaro, na zaunar da su a da'ira kan rairayi. Ban ba kowa takarda ba. Na ce kowa ya share gabansa da tafin hannu, ya zana da yatsa. Talauci ne ya sa ni yin haka, don takarda kuɗi ce, amma sai ya zamo alheri. Yaron da ke riƙe da fensir tsoron ɓata kaye yake, shi ya sa yake zana ɗan mitsitsin abu a kusurwa yana gogewa har takarda ta huje. A ƙasa babu wannan tsoro, shafa ɗaya ka sake sabo. Aikina ya koma tambaya: kunnen daga ina ya fito, gaban ƙaho ko bayansa? Kofaton guda ne ko a tsage? Wani yaro da ba ya iya karanta layi ɗaya ba tare da ya yi tuntuɓe ba shi ya fara gano cewa baƙin idon akuya a kwance yake, ba kewayayye ba irin namu. Ajin ya ruɗe, kowa na son leƙawa, akuya kuwa ta yi ta kuka har darakta ya fito.

Ginin yumɓu ya fi ba ni wuya, kuma laifina ne. Bayan ɗaukewar damina na sa aka ɗebo mana amalanke guda daga fadamar Gulbi. Yara ba baƙin yumɓu ba ne, tun kafin su shigo lekol suke gina shanu da raƙuma a bakin tafki, hannunsu ya fi nawa sani. Muka kwaɓa, muka gina, na shanya a tsakiyar fili don ya bushe da wuri. Hunturu ya riga ya shigo. Washegari rabi sun tsage, wasu ƙafafun sun ɓalle, wasu yara har da hawaye.

Kakar wata ɗaliba, tsohuwar maginiyar tukwane, ita ta cece ni. Ta zo ta murza yumɓun tsakanin yatsu, ta yi dariya ta ce: "Ɗana, wa ya ce maka ana gini da shi tsura?" Yumɓu yana tsukewa idan ruwa na fita daga jikinsa, kuma idan waje ya bushe ciki na ɗanye dole ya tsage. Ta sa muka jiƙa shi ya kwana, muka tsince tsakuwa da saiwoyi, muka daka tsingaron tsofaffin tukwane muka zuba, muka tattaka da ƙafa. Wannan tattakawar ita yara suka fi so duk cikin aikin. Ta ce kada kaurin abu ya wuce babban yatsa, in ya wuce a rarake cikinsa. A shanya a inuwa, a lulluɓe da buhu, a bar shi ya yi mako ko fiye. Ranar gashi ita ta jera da hannunta, ta rufe da busasshen kashin shanu da karan gero. Na ce: "Inna, ga wasu uku nan da aka gama shekaranjiya, a haɗa mana." Ta ƙi. Na saka su a ɓoye, wuta na kamawa suka fashe kamar bindiga, don ruwan da ya rage a ciki tururi yake zama. Ba ta ce mini komai ba, kallona kawai ta yi.

Akwai kuma ranar da wani uba ya same ni a ƙofar aji. Bayan gaisuwa ya ce: "Malam, karatu na kawo shi, ba ginin mutum-mutumi ba." Na san malamai sun yi bayani kan kayan wasan yara, har ana kawo hadisin ƴartsanar Nana A'isha, amma ni ba mai fatawa ba ne, kuma ɗansa ne. Na ce: "Alhaji, na ji, ba zai ƙara gina mai rai ba." Yaron ya koma gina rumbu da murhu, daga baya ya ƙera tirela irin masu bin hanyar Ɗan Isa, da tayoyi masu juyawa a jikin tsinke. A ganina, abin da ya fi kowane kyau ke nan a shekarar. Zuwan Alhajin ne ma ya tuna mini da abin da ke gabanmu muka raina: dagi, zanen ƙwarya, aska takwas ta babbar riga, zayyanar allon sauka, adon bangon gidajen Birni a Damagaram. Launi ma ba mu saya ba. Gawayi da ƙaro suka ba mu baƙi, ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga shunin wanki.

Maki har yanzu ina bayarwa, tunda dole a cike takarda, amma na daina faɗa a bainar aji.

Dab da hutu na nuna musu hoton raƙuman dawan Dabus a wayata, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse arewa da Agadas shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. Waya na yawo hannu zuwa hannu, sai yarinyar nan mai wutsiyar akuya ta riƙe ta, ta daɗe tana ƙirga dabbare-dabbaren jikin dabbar. Can ta ɗago ta ce: "Mushe, shi kuma wa ya ɗaure mishi ita ya zana?"