Ya da zango a Jos: kurakurai biyu da na yi a tattaki

Ƙannena masu sha'awar doguwar tafiya a ƙasa sukan tambaye ni ko ya dace wanda ya ɗauko tattakin kwanaki ya ya da zango a gari irin Jos, inda jama'a ke zuwa yawon buɗe ido, ko kuwa gara ya ratse ta gefe ya wuce abinsa. Na gwada duka biyun, kuma kowanne ya bar mini tabo, shi ya sa nake so ku ji daga bakina kafin ku ɗaura jaka a baya.

Tafiyar farko na yi ta ne tun ina zaune a ƙasar Toro, kafin aiki ya dawo da ni Jos. Mu uku muka taso daga Magama Gumau cikin hunturu, da niyyar mu bi ta Tilden Fulani mu shiga Jos mu kwana ɗaya, sannan mu nausa kudu ta Bukuru da Mararrabar Jama'a da Riyom, mu gangara Hawan Kibo har magangarar ruwa ta Assop. Rana ta biyu da la'asar muka shigo ta Naraguta, jiki ya riga ya saba da hanya, tsamin ranar farko ya sake mu. Da mun san darajar wannan sabon da jiki ya yi, da ba mu yi wasa da shi ba.

Kwana ɗaya ya zama huɗu. Mun je gidan tarihi, mun shiga gidan namun daji da ke kusa da shi, washegari muka ɗauki mota zuwa gandun dabbobin da aka kafa a 1972, wata rana kuma muka tafi Rayfield kallon ruwa. Babu wanda ya tilasta mana, garin ne mai daɗin zama, iskarsa mai sanyi, kuma duk wanda muka gaisa da shi sai ya ambaci wani wurin da bai kamata mu tafi ba mu gani ba. Kafin mu farga, kuɗin masauki da na mota da na tsire sun cinye fiye da rabin guzurinmu. Abin da ya fi wannan muni shi ne na ga wani takalmin fata mai kyau a kasuwa na saya, na jefa tsohon kambas ɗina a jaka, ina ganin sabo zai fi kai ni nesa.

Ba mu wuce Bukuru sosai ba na fara ɗingishi. A Mararrabar Jama'a na zauna a inuwar wani shago na zare safa, sai ga bororo a duka dugadugaina biyu, na dama ya riga ya fashe ya manne da zaren safar, har sai da mai shagon ya ba ni ruwan ɗumi a buta na jiƙa kafin ta fita. Abokaina ma ƙafafunsu sun yi nauyi bayan kwanaki a kan katifa. A nan tafiyar ta ƙare, muka shiga mota muka juya, ba mu ko hango duwatsun Riyom ba. Laifin ba na takalmin ba ne, nawa ne: fata sabuwa tana bukatar makonni ana sa ta a gida kafin ta yi laushi ta bi siffar ƙafa.

Haushin wannan ne ya jefa ni cikin kuskure na biyu, wanda ya fi na farko hatsari. Bayan wasu shekaru muka sake shiri, wannan karon cikin damina, na kuma dage cewa ba za mu taka cikin Jos ba ko kaɗan, za mu zagaya ta gabas, ta gindin duwatsun Shere, mu ɓulla kudancin gari. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta kai mita 1,829, kuma ruwan Agusta a wannan tudu yakan zo da iska mai ratsa ƙashi, wani lokaci har da ƙanƙara. Kwana biyu kayanmu ba su bushe ba. Wayoyinmu suka mutu. Ruwan shanmu ya ƙare, har ɗayanmu ya nufi wani kududdufi daga cikin waɗanda haƙar kuza ta bari, muka riƙe shi, domin bakin irin waɗannan ramuka yana zaftarewa, zurfinsu kuma ba ya nunawa daga sama.

Da almuru muka faɗo wani ƙauye ba tare da kowa ya san da zuwanmu ba. Na ga mata suna janye yara zuwa cikin gida, samari kuma suna taruwa nesa da mu. Wani dattijo ne ya tako da sandarsa, ya dube mu tun daga takalmi har jaka, ya ce, "'Ya'yana, wa ya turo ku ta nan a wannan lokaci?" Na ce, "Baba, matafiya ne mu, babu wanda ya turo mu." Ya ce ai da mun tambaya a tasha, da an gaya mana cewa ba a shiga yankin da yamma sai da ɗan gari. Ya kai mu wurin mai unguwa, aka ba mu ɗaki da gwate mai zafi. Jama'ar Filato sun ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, ƙauyuka da yawa sun ga wasu bayan nan, don haka tsoron baƙon da ya ɓullo daga daji da kaya a baya ba rashin karamci ba ne. Mu ne muka shiga gonar mutane ba sallama.

Tun daga ranar na fahimci abin da fataken da suka riga mu suka sani: ana sauka a zango ne domin hanyar gobe. Saboda haka amsata ita ce ku tsaya, amma ku shiga gari da jerin bukatunku a hannu. Ku fara da tasha, ku zauna da direbobin da ke bin hanyar da za ku bi, ku tambaye su inda ake kwana da inda ba a kwana, da garin da ya kamata ku gai da mai unguwa kafin ku wuce. Idan Shere kuka nufa, ku nemi ɗan jagora daga mutanen wurin. Ku kai tsohon takalminku wurin mai gyara ya ɗinke shi, ku shanya kaya, ku cika waya da caji, ku sayi filasta da man zafi a kemis. Kasuwar Farin Gada tana da karas da kabeji da dankalin Turawa, sai dai ku tuna cewa duk abin da kuka saya bayanku ne zai ɗauka.

Game da kallo kuwa, ku zaɓi wuri ɗaya tak. Ni gidan tarihi zan zaɓa, wanda Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya kafa a 1952, domin a nan za ku ga kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok, waɗanda aikin kuza ya fara tono irinsu, ga kuma kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya a filin gine-ginen gargajiya. Rabin yini ya isa, kuma wanda ya gan su zai taka ƙasar da ta rage masa da wani ido dabam. Sauran wuraren suna nan, ku dawo musu da iyali a mota.

Malamanmu na Malikiyya sun ce matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya daina kasaru, ya zama mazauni. Ƙafa ba ta ma kai haka haƙuri ba. Ni yanzu kwana ɗaya nake ba kowane gari, biyu idan akwai ciwo ko jiƙaƙƙen kaya, kuma nakan biya kuɗin masauki tun da dare, in ɗaure jaka kafin in kwanta. A tafiya ta uku haka muka yi: muka fita bayan sallar asuba hazo bai washe ba, hantsi ya same mu a Bukuru, kwana biyu bayan nan muna zaune a kan dutse a Assop, tsohon kambas ɗina yana gefe, ƙafafuna cikin ruwan sanyi.