Na 28 a gasar da ake sallamar mutum 27

Yayana ne ya dawo mana da wasan foka daga karatu a Maleshiya, nau'in da ake kira Texas Hold'em, wanda ake ba kowa kati biyu a rufe kafin a baje biyar a tsakiya. Mu a Gusau da wot da dara muka tashi. Bari in faɗa tun da wuri, ko sisi ba ma sawa. Caca haramun ce, balle a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. A waya muke bugawa da ƙwandalolin wasa na kyauta, waɗanda ko ƙullin gyaɗa ba sa saye. Sai dai lissafinsu ɗaya ne da na babbar gasar duniya ta Las Vegas, inda kuɗin shiga yake dala 10,000.

Daren da nake son ba da labari, mu 180 muka shiga gasa, 27 na farko za a sallama da lada. Muna saura 28. Wannan wurin ni bakin gaɓa nake ce masa: mutum ɗaya zai nitse, sauran su haye. Harajin dole, wanda mutum biyu ke zubawa bi da bi kafin a raba kati, ya kai 400 ƙarami da 800 babba, kowa kuma yana ƙara 100 a kowane rabo. Mu tara ne a tebur, wato kafin a duba kati akwai 2,100 a tsakiya, kuma abin da zagaye ɗaya ke ci mini ke nan. Ni 5,600 gare ni, babban haraji bakwai cif. Zagaye uku ma ba zan kai ba.

Mai tarin ƙwandaloli a teburinmu ya zuba duka. Na duba hannuna, A da J. Zuciya ta ce ai wannan bawan Allah tun ɗazu yake ta tura mutane da kowane tarkace, yau dubunsa ta cika. Na amsa. Ya buɗe 8 biyu, katin tsakiya biyar suka fito babu A babu J, aka yi waje da ni a na 28.

Yayana yana kishingiɗe a tabarma yana leƙen wayar. Ya ce, "Kai ƙanena, ka duba ɗaya teburin kuwa?" Ban duba ba. Ashe can akwai wani mai 700 kacal, ko babban haraji bai cika ba, kuma rabo biyu ya rage harajin ya iso kansa.

A da J a gaban 8 biyu tana cin kusan 45 cikin 100. Da farkon gasa ne, da ƙwandalolin da ke tsakiya sun isa su biya wannan kasadar. A bakin gaɓa kuwa abin ya sauya, domin ƙwandalar da ka rasa ta fi wadda ka ciyo tsada. In na ci, na ninka tarina, amma ladana bai ninku ba, tun da har yanzu akwai mutum 27 a gabana. In na faɗi, na tashi a tutar babu. Masu nazarin wasan suna da lissafi na musamman kan haka, ICM suke kiransa. Ni dai abin da na ɗauka a ciki shi ne in ƙirga tarin kowa kafin in ƙirga darajar katina.

Daga nan na yi wata wautar, ta tsoro. Kusan sati biyu, da an kusa gaɓa sai in naɗe hannu ina jiran A biyu, katin da ke zuwa sau ɗaya cikin rabo 221. Haraji ya yi ta gutsurata har in koma babban haraji biyu, sannan in na zuba duka kowa ya amsa yana dariya, don ba abin da zai rage masa.

A hankali na gane zubawa da fari daban, amsawa daban. Wanda ya fara zubawa hanya biyu gare shi: ko kowa ya ajiye kati ya kwashe na tsakiya salin alin, ko a amsa masa katinsa ya ci. Mai amsawa hanya ɗaya ce tasa, dole katinsa ya ci. Shi ya sa A da J ɗin da na amsa da ita ta halaka ni, alhali da ni na fara zuba ta daga kujerun ƙarshe, bayan na gabana sun ajiye kati, da ba laifi. Kuma ba kan kowa ake zubawa ba. Mai babban tari zai amsa don bai jin zafi, mai ɗan mitsitsi zai amsa don ya riga ya sadaƙar. Na tsakiya, mai haraji goma sha biyar ko ashirin, shi ne ke da abin tsoron asara.

Jiya da dare muka sake zama saura 28, ina da haraji takwas. Kowa ya ajiye har aka iso kaina a kujerar mai rabo, hannuna K da 9 masu fure ɗaya. Biyun da ke bayana duk na tsakiya ne. Na zuba duka, suka ajiye, na kwashi 2,100. Bayan rabo uku wani ya nitse a ɗaya teburin. Na gama a na 14, yayana kuwa tuni ya yi barci, sai da safe wurin koko na ba shi labari.