Wai duk laifin Hauwa'u ne?

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada muna zaune gindin dalbejiya a harabar cocinmu nan Gombe ana jiran mai kunun zaƙi, sai wani dattijo ya sake tono tsohuwar maganar nan, wai da ba don mace ba da yanzu muna miƙe a gonar Aidan, ba noma ba zufa. Maza suka kwashe da dariya. Ni kam abin ya tsaya mun a rai, nace Baba ka yi haƙuri, a buɗe littafin Farawa sura 2 a Littafi Mai Tsarki.

Aka buɗe. Aya 16 da 17, Adamu aka kafa wa dokar hana cin ɗan itacen, lokacin Hauwa'u ko yinta ba a yi ba, sai can aya 22. Kuma da maciji ya zo da daɗin bakinsa a sura 3, aya 6 ta nuna maigidan yana nan tare da ita, aka miƙa masa ya karɓa ya ci, ko uffan bai ce ba. Mutumin da ya raɗa wa duk dabbobi suna fa, amma nan bakinsa ya mutu!

Abin da ya fi ƙona mun rai shi ne da Allah ya kira shi, maimakon yace na yi kuskure sai cewa yayi ai matar da ka ba ni ce, wato har Ubangiji ya shafa wa laifin, sai kace yaron da aka kama da sukari a baki yana nuna ƙanwarsa. Ita ma dai ta tura wa maciji, ban wanke ta ba.

Af, tuffan nan da ake zanawa a littafin yara babu shi a wurin, ba a faɗi sunan ɗan itacen ba. Ɓaure ne aka ambata, ganyensa suka ɗinka, kuma duk wanda ya taɓa hawa ɓaure a ƙauye ya san kaushin ganyen nan. Allah ne ya musanya musu da tufafin fata, su biyun, kafin ya kore su.

Baba bai saki ba, yace ai Bulus ya rubuta wa Timoti cewa macen aka ruɗa. Nace haka ne Baba, amma Bulus ɗin nan a Romawa sura 5 sunan Adamu ya kira. Ya gyara zaman hularsa yace 'yata bari in sha kunu tukuna, mu haɗu mako mai zuwa.