Talata a shagon Yaya: ranar da kalanda ta fara magana da teburin kwastomomi

Tun makon jiya Yaya take mita in zo in duba mata lissafin shago kafin ɗinkin Sallah ya kankama. Yau na ɗauki hutu a wurin aiki na wuni can, tsakanin ƙarar kekuna da ƙurar ƙyallaye.

Abubuwanta a wuri biyu suke. Ranakun awo, gwaji da karɓar kaya tana sa su a Google Calendar, domin shi ne a tafin hannunta, mai kira na kan layi tana rubutawa. Sunan kwastoma kuwa, da lambar waya, da irin yadin, da kafin alƙalami da cikon da ya rage, suna cikin teburin da na buɗe mata bara a Airtable, manhajar ajiye bayanai layi-layi a intanet. Kullum da yamma wata yarinyar shago ce ke kwafe abin da ke kalanda zuwa teburin. In amarya ta kira da rana ta ce an matso da kamu, Yaya ta gyara a wayarta, tebur bai sani ba, yara kuma da tebur suke yanka. A nan ake samun kayan da aka ce Laraba suna rataye babu hannu ɗaya ranar Laraba. Teloli dama an riga an yi musu tambari a kan alƙawari, ita kuma wannan tambarin ne ba ta so.

Na zauna a bencin da ke kusa da mai guga, na jona kwamfutata da intanet ɗin wayata. Manhajojin da ke ɗaukar saƙo daga wannan su kai wa wancan ba tare da mutum ya rubuta lambobin kwamfuta ba suna da yawa. Zapier ce aka fi sani, ta Amurka ce, tun 2011 take. Tsarinta na kyauta ayyuka 100 ne a wata, kuma mataki biyu kawai yake yarda a jera, ni kuwa ina bukatar uku: a ga alƙawari, a nemo shi a tebur, a rubuta ko a gyara. Akwai n8n ta Jamus wadda mutum zai iya ɗorawa a kan na'urarsa, amma wa zai riƙa kula da na'ura a shagon da ake ɗauke wuta ba sallama? Sai na tsaya a kan Make, wadda a da ake kira Integromat kafin ta sauya suna a 2022. Ta kyautarta tana ba da ayyuka 1,000 a wata, kuma ana iya jera matakai da yawa. Biyan dala da katin naira wani ciwon kai ne daban, don haka tun farko na ƙudurta sai dai mu zauna cikin na kyauta.

Lissafin 1,000 ɗin ne ya fi cin lokacina. Duk leƙen da Make ya yi wa kalanda yana cin ɗaya, ko ya tarar da sabon abu ko bai tarar ba. In aka bar shi yana leƙawa duk minti 15, sau 96 ke nan a rana, 2,880 a wata, ya cinye rabon kafin a rubuta ko layi ɗaya. Na mai da shi sau ɗaya a awa, daga takwas na safe zuwa takwas na dare. Abin da leƙe zai ci bai kai 400 ba, sauran ya ishi alƙawura. Babu kwastomar da ɗinkinta zai lalace don tebur ya makara da awa guda.

Wajen sha ɗaya Yaya ta dawo daga Kantin Kwari da ledojin atamfa da leshi, ta tsaya a kaina.

"Auta, in na gyara a tebur ma kalandar za ta gyaru, ko?"

"Yaya, za a iya, amma ban so mu yi haka."

"To me amfaninsa ke nan?"

Na bayyana mata yadda abin yake. In aka buɗe hanya ta ɓangarorin biyu, gyara a kalanda zai taɓa tebur, taɓa tebur ya sa a sake taɓa kalanda, kalanda ta ga an taɓa ta ta sake aikawa. Kamar mutum biyu ne a bakin ƙofa kowa na cewa bismillah ka fara shiga, suna nan har rabon wata ya ƙare. Ana iya toshe wannan da sharuɗɗa, amma kowane sharaɗi wani wuri ne da abu zai iya karyewa ranar da ba na kusa. Na ce mu raba musu aiki: rana da lokaci na kalanda ne, kuɗi da yadi na tebur ne. Mai son canza rana ya je kalanda. Ta yi shiru, sannan ta ce dama ita ba ta taɓa canza rana a tebur ba, yara ne ke yi. Na kulle gurbin kwanan wata a shafin da yara ke gani, magana ta mutu.

Ginshiƙin aikin duka wani abu ne da ba a gani a fuskar waya. Kowane alƙawari a Google Calendar yana da lambar shaidarsa, dogon jerin haruffa da lambobi, wadda ba ta canzawa ko an sauya masa rana ko suna. Na buɗe mata gurbi a tebur. Yanzu in saƙo ya zo, sai a fara neman lambar. In tana nan, a gyara layin. In babu, a buɗe sabo. Ba don ita ba, duk amaryar da ta ɗaga gwaji sau uku sai ta zama mutum huɗu a tebur, kowacce da cikon kuɗinta. Alƙawarin da aka soke ma na sa ya riƙa zuwa, a rubuta "an fasa" a gabansa maimakon a goge layin, tunda kafin alƙalami na nan a hannun Yaya.

Bayan azahar na bi ƙananan abubuwa. Lokaci na tafiya tsakanin manhajoji ne da ma'aunin GMT, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, sai na saita Make da gurbin Airtable duka a kan agogon Legas, na gwada da gwajin ƙarfe huɗu, ya fito huɗu. Alƙawarin da aka sa na wuni guda kuwa, ranar ƙarewarsa washegari ce ake aikowa: karɓar kaya ta Alhamis takan zo da Juma'a a matsayin ƙarshe. A shagon tela wannan ba abin wasa ba ne, don haka ranar farawa kaɗai na ɗauka. Lambar waya na bar ta a gurbin rubutu, domin gurbin lissafi yana yar da sifilin farko, lamba 11 ta koma 10.

Inda injin ba shi da ta cewa shi ne yadda ake rubuta kan alƙawarin. Na leƙa kalandar watan jiya na ga "Maman biyu gwaji", na ga "ta gidan Alhaji leshi ja", na ga wani da aka rubuta "ita" kawai. Yaya ta san kowacce, har da ƙanwar mijinta. Make bai san kowa ba. Muka yi yarjejeniya: suna, lambar waya, sannan aiki, a jere. Da lambar ake haɗa alƙawari da kwastoma, tunda masu suna iri ɗaya sun yi yawa. Wanda ya zo babu lamba yana faɗawa wani shafi da na kira "a duba", yarinyar da ke kwafe ta cike shi da hannu. Na rubuta tsarin a kwali da alƙalamin maka, aka manna a jikin madubi.

Na so in ƙara gurbin awo, tsayi da kafaɗa da ƙugu, don a huta da neman littafi. Yaya ta ce a'a tun ban rufe baki ba.

"Awon matan mutane ba zai shiga inda kake gani ba, ko kai ƙanina ne."

Na ce akwai hanyar taƙaita wanda ke ganin me. Ta ce littafinta ma yana da hanya, durowa ce da makulli. Ina ganin tana da gaskiya, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya. Awo ya zauna a littafi.

Dab da la'asar wata da alƙawarinta ya riga ya samu lambar shaida a tebur ta kira ta matso da gwajinta daga Asabar zuwa Alhamis. Yaya ta gyara a waya ta ci gaba da yanka. Da awa ta cika na juyo mata kwamfutar, layin ya koma Alhamis, ciko na nan yadda yake, babu na biyu. Ta ce "to, madalla", ta aiki yaro ya sayo min gurasa da tsire.

Saura tsofaffin alƙawuran da aka riga aka kwafe da hannu, waɗanda ba su da lambar shaida a tebur. In aka taɓa ɗayansu a kalanda sabon layi zai buɗe, don haka na ce kada a taɓa su sai Asabar in na dawo na liƙa wa kowanne lambarsa. Teburin kyauta na Airtable kuma layi 1,000 yake ɗauka, bayan Sallah sai mun kwashe na bara mun adana su a wani wuri.