Yadda na kusa rasa hotunan bukukuwan shekara biyu da kalma ɗaya

Sana'ata ɗaukar hoto ce. Ina da ɗan shago a Tudun Wadan Zariya, kuma rabin abin da nake ci da iyalina daga bukukuwa yake fitowa: ɗaurin aure, kamu, wunin biki, suna, saukar karatu. Biki ɗaya na iya cinye gigabait ashirin ko fiye, musamman idan an haɗa da bidiyo. Da can a faifan ajiya na waje nake tara komai, irin wanda ake jonawa da kwamfuta ta waya. Ranar da na farko ya faɗo daga kan tebur ya fara wani ƙara kamar ƙwaro a cikin gwangwani, na gane cewa amanar mutane ba za ta zauna a wuri ɗaya ba.

Ƙanina ne ya nuna mini rclone. Shi ya karanta kwamfuta, ni da hannu na koya. Ya buɗe wannan baƙin allon da ake rubuta umarni a ciki, ni kuwa ina ganinsa na ja da baya. Ya ce, "Yaya, layi uku kacal za ka haddace, sauran ka bar mini." Manhaja ce ta kyauta, wani mai suna Nick Craig-Wood ya fara ta a 2012, kuma ya ɗauko tunaninta daga rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar tun 1996 don daidaita fayiloli tsakanin kwamfutoci. Ita rclone tana magana da ma'ajiyoyin intanet ne, Google Drive, Dropbox, OneDrive da wasu da dama. Yadda muke amfani da ita, babu maɓallai, babu alamomin dannawa. Ka rubuta abin da kake so, ta aikata.

Da "rclone config" muka fara. Ta yi mana tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, muka raɗa wa asusuna na Google Drive suna "ajiya", shafi ya buɗe na ba da izini, shi ke nan. Gigabait 15 ɗin da ake bayarwa kyauta, wanda Gmail ma a ciki yake ci, bai kai biki ɗaya ba, don haka na sayi ƙarin wuri. Layin da na fara haddacewa shi ne:

rclone copy E:\Hotuna ajiya:Hotuna -P

Ma'anarsa a kwafi foldar Hotuna da ke faifaina, wanda kwamfuta ta ba harafin E, zuwa foldar Hotuna da ke "ajiya", -P kuma yana nuna yadda aikin ke tafiya. Abin da ya sa na ƙaunaci wannan layi shi ne halinsa idan aka ɗauke wuta ko intanet ta yanke. Kafin ta ɗora fayil, tana duba girmansa da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, ta gwada da na can. Idan sun yi daidai, sai ta tsallake. Ko sau goma aikin ya katse cikin dare, da safe in na sake rubuta layin, hotunan da suka riga suka hau ba ta sake taɓa su, wanda ya katse a tsakiya kawai take sakewa. Ga wanda yake sayen data da kuɗin guminsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma --bwlimit, mai ƙayyade saurin ɗora fayil, wanda ake ba shi jadawali: da rana ta tafi a hankali don yaran shago su iya tura wa kwastoma hoto ta WhatsApp, da tsakar dare a sakar mata linzami.

Haka na yi ta yi wata da watanni. Faifan ya cika, sai na riƙa share tsofaffin bukukuwa daga cikinsa, tunda na san suna can sama. Kuma gaskiya suna can, domin copy ba ta share komai a ɗaya ɓangaren. Ƙarawa kawai take yi.

Wannan halin nata ne ya fara damuna. Na sake wa wasu folda suna, na gyara tsarinsu, na ware na kowace shekara daban. Da na leƙa can sai na tarar da tsohon tsari da sabo duk suna zaune, abu ɗaya a wuri biyu, yana cin wurin da nake biya. Na tuna ƙanina ya taɓa ambatar wata kalma, sync. Na fahimce ta a matsayin "daidaita", kuma daidaitawa nake nema. Ban kira shi ba. Wani dare bayan isha'i na cire copy na sa sync a wurinta, na rufe shago na tafi gida.

Abin da sync take yi shi ne ta mai da can ya zama madubin nan. Duk abin da babu shi a faifaina, a wurinta bai kamata ya kasance a can ba. Ba ta tambaya, ba ta cewa ka tabbata. Tsohon tsarin da nake son kawarwa ta kawar da shi, ta haɗa da duk bukukuwan shekara biyu da na share daga faifan don samun wuri.

Ban sani ba sai bayan kwana tara. Wata dattijuwa ta zo shago da jikarta, wadda na ɗauki bikinta shekara biyu da suka wuce. Mahaifin yarinyar ya rasu cikin azumi. Ta ce, "Ɗan nan, akwai hoton da ka ɗauke shi a ƙofar masallaci bayan ɗaurin aure, yana sanye da farar babbar riga yana dariya. Shi muke so a wanke mana babba." Na ce, "Hajiya, zauna, yanzun nan." Na tuna hoton sarai. Na buɗe ma'ajiyar, na nemi foldar bikin, babu. Na nemi ta shekarar gaba ɗaya, babu. Hajiya na zaune kan benci riƙe da carbi, yarinyar na kallon allon ta bayan kafaɗata, ni kuma tafin hannuna ya jiƙe har linzamin kwamfutar yana zamewa. Na ce musu intanet ce ke ba ni wahala, su dawo jibi. Wannan maganar ba gaskiya ba ce, kuma har yau tana yi mini nauyi.

Suna fita na kira ƙanina. Tambayarsa ta farko ita ce kwana nawa ke nan. Na ce tara. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yaya, kada ka taɓa komai, ga ni nan." Ashe idan rclone ta share fayil a Google Drive, in ba ka ce mata akasin haka ba, kwandon shara take tura shi, kuma abin da ke kwandon yana yin kwana 30 kafin a shafe shi har abada. Ya zo ya rubuta:

rclone backend untrash ajiya:Hotuna

Muka zauna muna jira, ba mai cewa uffan. Foldar ta dawo da hotunanta. Da Hajiya ta yi jinkirin makonni uku, da babu abin da ni ko shi za mu iya yi. Kuma ba kowace ma'ajiya ce take da irin wannan kwandon ba.

A daren muka sake tsarin aikin gaba ɗaya. Yanzu folda biyu gare ni a can. Ɗaya ta aikin da ke hannu, ita kaɗai nake yarda sync ta taɓa. Ɗayar ta bukukuwan da aka gama aka miƙa wa masu su, ita copy ce kawai take shiga cikinta. Ko a ta farkon ba na rubuta sync sai na fara ƙara --dry-run a ƙarshen layin, wanda ke nuna maka duk abin da za ta ɗora da duk abin da za ta share ba tare da ta taɓa ko ɗaya ba. Nakan karanta jerin da idona. Mun kuma ƙara --max-delete 50, ta yadda sharewar ba za ta wuce fayil hamsin ba sai ta tsaya, da --backup-dir, wanda ke kwashe abin da za a share ko a canza zuwa wata folda daban maimakon a jefar. Kafin in cire biki daga faifai kuwa, sai na yi rclone check, ta gwada na nan da na can ta ce mini babu bambanci.

Wani abin da ƙanina ya ja hankalina a kai shi ne harafin faifai. A Windows, idan aka riga jona filash ɗin kwastoma kafin faifaina, shi zai iya karɓar E, nawa ya koma F. Mai yin sync daga kan E kai tsaye zai iya mai da ma'ajiyarsa madubin filash ɗin wani mai hotunan fasfo guda shida. Mun ba faifaina harafi na dindindin daga can ƙarshen baƙaƙe.

Hotunan kamu da na lalle kuma na ware su. Mata ne a cikin gida, ba mayafi, sun yarda da ni ne aka bar ni na shiga. Su ta hanyar crypt suke hawa, wani sashe na rclone da ke kulle fayil da sunansa tun daga kwamfutata, ta yadda wanda ya shiga asusun ba zai ga komai ba sai tarkacen haruffa. Idan kalmar sirrin ta ɓace, hotunan sun ɓace, babu wanda zai buɗe maka. Na rubuta ta a takarda biyu, ɗaya na wurin maiɗakina, ɗaya na wurin ƙanina.

Hajiya ta dawo jibin kamar yadda muka yi. Na wanke hoton babba, na sa shi a firam, kuma na gaya mata gaskiyar abin da ya faru ranar. Ta daɗe tana kallon fuskar ɗanta, ta goge gilashin da gefen mayafinta, sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka ƙara mana ƙanana guda uku, na 'yan'uwansa."