Abin da Ramin Kwal ya Koya Mini

Na yi shekara uku ina haƙar kwal a ƙananan ramukan da ke yankin Ankpa a Jihar Kogi, inda ake biyan mutum gwargwadon abin da ya fitar. A ganina wannan tsarin biya shi ne tushen yawancin haɗurran da na gani, domin wanda ya tsaya kafa itacen tokara don riƙe rufin rami yana kallon abokansa suna cika buhu.

Wani dattijo da na tarar a wurin ne ya koya mini buga rufin rami da ƙarfe kafin a fara aiki. Idan dutsen ya amsa da ƙarfi, lafiya lau. Idan kuwa ya yi sauti kamar ganga, to ya rabu da na samansa, kuma faɗowa yake shirin yi. Ya kuma hana mu taɓa ginshiƙan kwal da ake bari don su riƙe rufin, ko da yake su ne suka fi sauƙin sara. Wata damina muka saɓa masa, muka ci rabin wani ginshiƙi. Da muka ji itacen tokara yana ƙara, ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan, sai muka watsar da diga muka fita, ba a jima ba wurin ya rufta. Alamun duk sun bayyana tun da safe, kwaɗayi ne ya rufe mana ido.

Iska ta fi rufi ban tsoro, saboda ba ta yin gargaɗi. Mun taɓa shigar da injin jan ruwa mai amfani da fetur cikin rami, sai ciwon kai da jiri suka kama mu. Daga baya na fahimci cewa iskar kabon monoksaid ce, wadda ba ta da wari ko launi, kuma ita ce ta hallaka akasarin mutum 301 da suka rasu a mahaƙar Soma ta ƙasar Turkiyya a 2014. Akwai kuma iskar mitan da ke fita daga jikin kwal, wadda kan fashe idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin, shi ya sa sigari da ashana ba su da gurbi a ƙarƙashin ƙasa.

Tun daga ranar da jirin nan ya kama mu muke ajiye injin a waje, mu zura tiyo ciki, kuma ba na shiga ramin da ke da ƙofa ɗaya tak, ko nawa za a biya ni.