Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Awa Biyar Daga Sakkwato Zuwa Jidda

Shekarun da suka biyo bayan rasuwar Inna ba ni da abin faɗa a kansu sai koyarwa da adashi. Abin da ya hana ni sukuni a wannan mako maganar Baffa ce, wadda ya yaɓa mini a zaure, a gaban surukaina, ranar da na je yi masa sallama: "Wanda jirgi ya ɗauka, ai jirgin ne ya yi hajji."

Daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III zuwa Jidda akwai kimanin kilomita 3,700 a miƙe, kuma a lokacinmu jirgi yakan cinye su cikin awa 5. Wannan ne Baffa ya raina, domin kakanmu a ƙasa ya tafi, ta Kano da Barno da Wadai da Darfur, yana tsayawa ya yi noma ya tara guzuri, har ya kai Sawakin ya tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa, bai dawo ba sai da yaran da ya bari a goye suka isa kiwo. Wasu ma ba su dawo ba, kamar mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru da suka wuce gabas bayan yaƙin Burmi a 1903 suka zauna a Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Ban taɓa musun darajar mutanen nan ba. Amma Baffa da kansa bai taɓa wuce Gusau ba, kuma kujerar da ya raina gumina ce, ba wanda ya ƙara mini sisi.

Da jirgin ya ɗaga, wani tsoho daga Gwadabawa ya damƙe hannuna yana salati, bai saki ba sai da kunnuwanmu suka daina toshewa. Ta taga na riƙa kallon ƙasar Chadi da Sudan, yashi iyakar ganin ido, ina tunanin a wace rijiya kakanmu ya sha ruwa. Muna sauka aka ce mu tura agogo gaba da awa 2. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, sai na ji maganar Baffa ta dawo mini sabuwa, alhali ya daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙansa.

Shekarar da ɗansa na fari ya sauke farali, a irin wannan jirgin, Baffa sa ya yanka, ya kuma fita har filin jirgi tarye. Ni kuwa har ya bar duniya bai kira ni Alhaji ba, ko sau ɗaya. Mako mai zuwa zan kawo yadda aka yi da gonar kakanmu ta fadama, domin daga can rashin jituwar ta samo asali.